Takardar Shaidar Lafiyar Abinci Da Aikin Da Ke Bayanta

A cikin shekarar 1960 wata annoba ta auku a Ingila, talotalo fiye da 100,000 suka mutu. Da masana suka bi sawu, sai suka tarar asalin ɓarnar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Birazil, wadda fumfuna ta kama, ta bar dafi a ciki. Dafin nan shi ake kira afalatoksin. Ido ba ya ganinsa, dahuwa kuma ba ta kawar da shi. Mu da gyaɗa take cikin abincinmu da cinikinmu, lalle wannan labari ya shafe mu.

Mun san aikin duba-gari, mai zagaya mahauta da kasuwa. Amma abin da ya gani ran zuwansa kaɗai zai iya shaida. Saboda haka aka nemi hanyar tsare abinci kullum. Cikin shekarun 1960 kamfanin Pillsbury da hukumar sararin samaniya ta Amurka suka shirya wani tsari, domin kada abinci ya cuci 'yan sama jannati. Shi ne ake kira HACCP. Manufarsa ita ce mai sana'a ya bi aikinsa daki-daki, ya gane wuraren da cuta za ta iya shiga, ya sa wa kowane wuri iyaka, kamar zafin wuta ko bushewar hatsi, ya riƙa aunawa, sa'an nan ya rubuta.

A 2005 ƙungiyar ma'auni ta duniya da ke Janeba ta fito da ƙa'idar ISO 22000 bisa wannan tushe. Masu bincike daga waje su ne suke duba ma'aikata su ba da takardar shaida. Takardar takan yi shekara 3, ana kuwa komowa dubawa kowace shekara.

Kada a ce wannan sha'anin Turawa ne kurum. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, don an sha samun maganin ƙwari ya wuce kima a cikinsa. A 2016 aka ƙara wa hanin shekara 3. Laifin masu zuba guba a rumbu ya shafi har manomin da bai san hawa ba, bai san sauka ba.

To, ga inda zancen ya zo kanmu. Mai bincike ba ya yarda da rantsuwa, littafi yake nema: yaushe aka auna, wa ya auna, me aka yi da buhun da ya ɓaci. Wannan aikin akawu ne. Wanda ya cika littafin wata guda a dare ɗaya don baƙo na tafe, ya yaudari mai saye, ya kuma sa ran mutane cikin haɗari. Malamai kuma su koya wa yara rubuta gaskiyar abin da suka auna tun suna makaranta, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.