Yadda direba zai ƙalubalanci tarar jami'an kiyaye haɗurra

Direbobin da ke jigilar fasinja da kaya daga Katsina zuwa Maraɗi ta kan iyakar Jibiya sun saba cin karo da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, wato FRSC, wadda aka kafa a shekarar 1988.

Da yawa daga cikinsu kan biya tara ko da suna ganin ba su yi laifi ba, don gudun kada mota ta kwana a tsare.

Sai dai takardar da jami'i ke rubutawa tuhuma ce kawai. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin a saurare shi a gaban kotu kafin a same shi da laifi.

Zaɓi biyu

Dokar hukumar ta shekarar 2007 ta tanadi tarar naira 2,000 kan rashin ɗaura bel, da naira 4,000 kan amsa waya yayin tuƙi, da kuma naira 10,000 kan lodin da ya wuce kima.

Direba na iya biyan kuɗin a asusun gwamnati, maganar ta ƙare, ko kuma ya nemi a gurfanar da shi a kotu domin ya kare kansa. Miƙa wa jami'i kuɗi a hannu ba biyan tara ba ne.

Wanda ya zaɓi kotu zai buƙaci takardar tuhumar, da lasisinsa, da takardun mota, da hotunan wurin, da shaidu daga cikin fasinjojinsa. Idan kuma alƙali ya same shi da laifi, hukuncin na iya zarce tarar farko.

Hurumin hukumar

A shekarar 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta yanke hukuncin cewa hurumin FRSC ya tsaya ne a kan titunan gwamnatin tarayya.

To amma wannan hujja ba za ta amfani direban Jibiya ba, domin hanyar Katsina zuwa Jibiya ta tarayya ce.

Idan kuwa ƙorafin ya shafi cin zarafi ko neman na goro, ana kai shi ne ofishin FRSC na jiha da ke Katsina, ko kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ba ta karɓar ko sisi daga mai ƙorafi.