Ko Kun Sani? Tsawon Sandar Riƙo a Wasan Allo Mai Ƙyallen Iska

Wasan tuƙa allo a kan ruwa da ƙarfin iska, wanda Jim Drake da Hoyle Schweitzer suka samu rajistar ƙirƙirarsa a Amurka a 1970, kuma ya shiga gasar Olamfik a 1984, ya dogara ƙwarai a kan sandar riƙo, wato lanƙwasassun bututu biyu na alminiyom ko kabon da suke kewaye ƙyallen, waɗanda matuƙi yake kamawa yana sarrafa shi. Gabanta yana maƙale da doguwar sandar tsaye, bayanta kuwa ana iya zuge shi a ƙara tsawo ko a rage. Masu ƙera ƙyallen sukan buga tsawon da ya dace a jikinsa da santimita, amma wannan adadi mafari ne kawai, domin sai an fara ɗaure ƙasan ƙyallen tamau, sannan a ja igiyar baya, kafin a san tsawon na gaskiya. Idan sandar ta gajarta, ƙyallen yakan yi ciki har ya kwanta a kan bututun, ya riƙa fizgar matuƙi duk lokacin da iska ta taso, abin da yake gajiyar da sabon hannu fiye da kima. Idan ta yi tsawo aka ja igiyar da yawa, sai ƙyallen ya baje, ƙarfinsa ya ragu. Saboda haka ƙwararru sukan ƙara santimita ɗaya ko biyu ranar iska mai ƙarfi, su sassauta idan ta lafa.