Wat 5,000 a Jikin Kwali: Risiba Ɗaya Ko Kayan Sauti Daban-daban?

A layin masu sayar da kayan wuta, daga Sabon Gari ta Kano har Alaba ta Legas, akwai musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wasu na cewa risiba, wato akwatin nan guda da ake jona talabijin da lasifikoki biyar ko bakwai a bayansa, kayan 'yan koyo ne, mai kunnen sauti sai ya sayi amfilifaya daban, na'urar sarrafa sauti daban. Wasu kuma ba ruwansu da wannan, da zarar sun ga kwalin da aka rubuta wa "5000W PMPO" da manyan baƙaƙe sai su zaro kuɗi.

Wannan lambar ce ke ba ni takaici. PMPO ba ma'aunin da aka yi ittifaƙi a kansa ba ne, kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafa shi. Juya bayan na'urar ka karanta yawan wutar da take ja daga bango. Akwatin da ke jan wat 60 ba shi da inda zai samo 5,000 ya riƙa ba lasifika. Tun 1974 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kafa doka kan yadda za a bayyana ƙarfin amfilifaya, ta ce a faɗi ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa ba yankewa. A wajenmu kwali na shigowa da kowace irin lamba, kuma da hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, za ta sa ido a nan da ta taimaki talaka.

Ko lambar gaskiya ce, ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara, abin da kunne zai ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin mutum ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Lasifikar da ke ba da desibel 91 a kan wat ɗaya tana buƙatar kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙarfin da mai desibel 85 za ta ci kafin su yi ƙara ɗaya. Ke nan lasifika ta fi akwatin tasiri nesa ba kusa ba, amma ita ce ake bari sai kuɗi ya kusa ƙarewa.

Masu son kaya daban-daban suna da hujjarsu. Risiba tiransifoma ɗaya gare ta, kuma ita ke ciyar da duk lasifikokin, tamkar tiransifomar unguwa da in kowane gida ya kunna firji da dutsen guga sai ƙwan kowa ya dusashe. Shi ya sa kamfanoni irin su Denon da Yamaha kan rubuta ƙarfin risiba ne a lokacin da lasifika biyu kaɗai ke aiki, wani lokaci ma ɗaya. In bakwai suka taso tare, rabon kowacce ya ragu. Lasifika mai om 4 kuwa ta fi mai om 8 jan wuta, sai ƙaramar risiba ta ɗau zafi ta kashe kanta, balle a zafin Afrilu an cusa ta cikin rufaffiyar durowa. Sannan amfilifaya mai kyau kan yi shekaru tana aiki, amma ɓangaren HDMI na risiba, mai kai hoto talabijin, shi ke saurin tsufa. A 2020 wasu sababbin risibobin Denon da Marantz sun kasa nuna hoton na'urar wasan Xbox Series X a 4K mai saurin hoto 120 a daƙiƙa, alhali ɓangaren sautinsu lafiya lau.

Duk da haka, ga mai ƙaramin ƙarfi ni risiba nake ba shawara. Kuɗin da zai sayi risiba mai mutunci ba zai sayi na'urar sarrafawa da amfilifaya masu mutunci ba, sai dai tarkace biyu a madadin abu ɗaya mai kyau. Falon gida ma ba zauren biki ba ne, a zaman kallo na yau da kullum wat kaɗan ake ci. In aka haɗa da lasifikar bas mai nata amfilifaya, aka tura mata duk sautin da ke ƙasa da haz 80, an sauke wa risibar mafi nauyin aikinta. Wanda ke da burin ƙarawa gaba ya nemi mai kafar "pre-out" a baya, ta nan ake jona amfilifaya daga baya, sai dai mafi arha ba kasafai suke da ita ba.

Masu sayen na hannu su kula sosai. Risibar da aka yi don Amurka wutar bolt 120 take ci, tamu kuwa 230 ce. A duba rubutun da ke kusa da igiyar wuta tun a shago, in 120 ce a haɗa da tiransifomar rage wuta da ta fi ƙarfin abin da risibar ke ja, a kuma sa sitabilaiza saboda hawa da saukar wutarmu.