Daga Kafin Maiyaki zuwa Riruwai a kan sirdin keke

Wata shekara da kaka na ari keke mai giya a wurin wani abokina, irin mai kaurin tayar nan da ake kira keken hawan dutse, na fita daga Kafin Maiyaki da hantsi na nufi wajen Tudun Wada. Na bar kwalta na bi hanyar burji da ta ratsa gonaki, don in ga abin da keken zai iya. Shayi kawai na kurɓa kafin in fito. Awa ɗaya da rabi na farko ji nake kamar iska ce ke tura ni. Can sai ƙafafu suka fara nauyi, feda ta zama kamar an ɗaura mata dutsen niƙa, idanuna suka soma ganin hazo alhali sararin sama garau yake. Na sauka na jingina da gindin wata ɗorawa, ina haki.

Ina nan zaune sai ga wani dattijo a kan tsohon Rali, buhun masara ɗaure a kariya da igiyar roba, yana tafe a hankali kamar ba shi da inda za shi. Ya taka birki ya dube ni, ya dubi keken.

"Yaro, lafiya? Keken ne ya ƙi, ko kai ne ka ƙi?"

"Baba, ƙafafun ne suka mutu."

"Ka karya kuwa?"

"Shayi na sha."

Ya yi dariya, ya kwance gorar fura daga kan keken ya miƙo mini. "Sha, ɗana. Ba a hawa keke da shayi."

Abin da ya same ni a gindin ɗorawar nan shi ne babban abin tsoron duk mai shiga tseren juriya na keken dutse, wasan da mutane ke biyan kuɗi su yi rajista don su shafe awa shida, ko goma, ko kwana takwas suna fama da hawa da gangara a cikin daji. Mutanenmu kan ɗauka ƙarfin cinya ne ke cin irin wannan tsere. Ƙarfi na da ranarsa, amma wanda ya san yadda jikinsa ke ƙona abinci da yadda yake zubar da ruwa shi ke isa ƙarshen hanya.

Jikin mutum yana da rumbu biyu. Ɗaya na kitse ne, mai yawan gaske, amma ba ya fitar da kuzari da sauri. Ɗayan na wani nau'in sukari ne da ake kira gilaikojin, wanda ke ajiye a tsoka da hanta, kuma duka-duka bai wuce kimanin giram 500 ba a jikin babban mutum. In ana aiki mai tsanani, kamar hawan tudu a kan keke, wannan ƙaramin rumbun jiki ke ɗiba, kuma cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu sai a ga ƙasansa. Da ya ƙare, sukarin jini ya faɗi, ƙwaƙwalwa wadda da shi take aiki ta fara rikicewa: jiri, rawar hannu, saurin fushi, ga kuma kuskuren tuƙi a kan gangara mai duwatsu. Shi ya sa masana abincin 'yan wasa ke cewa mai doguwar tafiya ya riƙa cin giram 30 zuwa 60 na abinci mai sukari ko sitaci a kowace awa, wanda ya saba kuma har 90, tun kafin yunwa ta taɓa shi. Dabino goma matsakaita sun kusa cika wannan lissafi. Turawa suna sayen wani kaurin ruwan sukari a 'yar leda da tsada. Furar dattijon nan, gero da nono da ɗan sukari, ta yi mini aikin da ledar za ta yi, har da ƙari.

Batun ruwa ya fi wannan haɗari a ƙasarmu. Daga cikin kuzarin da tsoka ke ƙonawa, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, ko ma ƙasa da haka, ke zuwa ga feda. Sauran duk zafi ne da dole jiki ya fitar, kuma gumi ne hanyarsa. A kan kwalta, inda ake gudu, iska na busar da gumin ta sanyaya fata. A kan hawan dutse kuwa tafiyar ba ta fi ta mai sassarfa ba, iska babu, aikin kuma ya ninka. Mutum na iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa. Idan ya rasa kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, wato kilo ɗaya da ɗan abu ga mai kilo 60, ƙarfinsa ya fara ja baya ke nan. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 har mutum ya fara sambatu, magana ta bar wasa ta koma ta ceton rai: a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take, sannan a nemi asibiti. Akwai kuma kuskuren da ba a cika sani ba, na ɗirka ruwa zalla fiye da kima. Gumi da gishiri yake fita, to in aka yi ta cika ciki da ruwa kaɗai na awoyi, gishirin jini sai ya tsinke, kuma wannan ma yana kisa. Maganin yana kicin ɗin kowace uwa: ruwan gishiri da sukari da ake haɗa wa yaro mai gudawa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya.

Wasan kansa bai tsufa ba. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa tsinto tsofaffin kekuna masu nauyi suna gangarowa da su daga kan tsauni. A 1976 suka fara wani tsere da suka sa wa suna Repack, saboda kafin a iso ƙasa birkin cikin cibiyar tayar baya ya ƙone man giris ɗinsa, sai an buɗe an sake cusa wani. Duk mai gyaran keke a bakin kasuwa zai gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Joe Breeze ya ƙera keken farko da aka yi musamman don wannan aiki a 1977, kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper kasuwa a 1981, wasan kuma ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996.

Bambancin wannan keke da Ralin kakanninmu, wanda har masana'antarsa aka yi a Bompai ta Kano, yana wuri uku: taya mai kauri da gurza-gurza, shokazoba a gaba, sai giya. A Rali, in ka juya feda sau ɗaya tayar baya na juyawa kusan sau biyu da rabi, ko a tudu ko a kwari, shi ya sa mai kaya ke sauka ya tura in hawa ya yi tsanani. A keken dutse na zamani haƙoran faifan gaba na iya zama 32, babban faifan baya kuma 50, ta yadda juyi ɗaya na feda ba ya ma cika juyi ɗaya na taya. Tafiyar hawainiya ce, amma ba ka sauka. Sai kuma abokan gabar taya, tsidau da ƙayar aduwa. 'Yan tsere sun daina sa tub. Suna zuba wani ruwa mai danƙo a cikin tayar, in ƙaya ta huda sai ya toshe ramin ana cikin tafiya. Mai faci ba zai ji daɗin wannan labari ba.

Mafi shahara a nahiyarmu shi ne Cape Epic na Afirka ta Kudu, wanda Kevin Vermaak ya kafa a 2004. Kwana takwas ake yi, tafiyar kimanin kilomita 600 zuwa 700, kuma in aka tara hawan da ake yi yakan kai wajen mita 15,000, wato kusan a hau tsaunin Eberest sau biyu daga bakin teku. Dokarsa da ta fi burge ni ita ce ba a shiga shi kai kaɗai. Mutum biyu ne ƙungiya, kuma ba a yarda tazarar da ke tsakaninsu ta wuce minti biyu ba. Komai ƙarfinka, saurin abokinka ne saurinka. In sarƙarsa ta tsinke kun tsaya tare, in cikinsa ya ɓaci kun rage tare. An yi dokar don kada wani ya faɗi a daji ba mai ganinsa, amma ta mai da tseren gwajin haƙuri da mutum.

Sai dai labarin da ya fi kama da namu na Leadville ne, wani garin ma'adinai a jihar Kolorado wanda ke kan tsayin sama da mita 3,000. A farkon shekarun 1980 aka rufe mahaƙar Climax da garin ya dogara da ita, aiki ya ƙare, mutane suka fara watsewa. Wani tsohon ma'aikacin mahaƙar, Ken Chlouber, ya kafa tseren ƙafa na mil 100 a 1983 don baƙi su zo su kwana su kashe kuɗi, aka ƙara na keke a 1994. Wanda ya gama cikin awa 12 ana ba shi kan bel na ƙarfe, kuma mutane daga ƙasashe da dama na neman gurbi har sai an yi ƙuri'a.

Duk wanda ya san Riruwai zai ji wannan labari a jikinsa. Garin kuza ne tun kafin zuwan Turawa, inda maƙera ke narka ta, aka kuma ci gaba da haƙa a zamanin mulkin mallaka da bayansa, har kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985. Duwatsun suna nan, sun haura mita 1,000, alhali birnin Kano bai kai 500 ba. In ka taso daga Kwanar Ɗangora ka bi ta Kafin Maiyaki da Tudun Wada ka ratsa Falgore zuwa Doguwa, da idonka za ka ga ƙasa na tashi, itatuwa na ƙara duhu. Ga dam ɗin Tiga a Bebeji, wanda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, ga hanyoyin burji da burtali da 'yan siraran hanyoyin ƙafa da suka haɗa ƙauye da ƙauye. Mai zana hanyar tsere ba zai nemi abin da ya fi wannan ba.

Ƙafafun ma akwai su, in muka dubi misalin Ruwanda. Tom Ritchey, ɗaya daga cikin samarin Kalifoniyan nan, ya je Ruwanda a 2005 ya ga manoma na jigilar kaya a kan kekunan katako a tsakanin tsaunuka. A gasar da aka shirya a 2006 aka gano wani saurayi, Adrien Niyonshuti, wanda ya rasa 'yan'uwansa maza shida a kisan ƙare dangi na 1994. A 2007 yana cikin Cape Epic, a 2012 shi ya riƙe tutar ƙasarsa a Olamfik ta Landan, ya kuma kammala tseren keken dutse. A Satumbar 2025 Kigali ta karɓi gasar keke ta duniya ta kan kwalta, karon farko a Afirka. Mu kuwa, a Olamfik ta Faris ta 2024, 'yar wasanmu Ese Ukpeseraye sai da 'yan Jamus suka ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin fili. Ba na jin yaron da ke ɗauko itace daga bakin daji ya kai kasuwa ya dawo kafin la'asar ya gaza na Ruwanda a huhu ko a cinya.

Wahalar tana wajen shiri, kuma a nan ne nake ganin masu zumuɗi kan yi tuntuɓe. Abu na farko da kowa zai tambaya shi ne Falgore. Dajin da aka keɓe tun 1949, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, ya daɗe da yin suna wajen 'yan fashi da ɓarayin shanu da masu garkuwa, kuma direbobin hanyar Jos ba su manta ba. Ba a sakin mutum ɗari a warwatse a irin wannan wuri, kowa da keken da ya fi babur tsada, don kawai an buga fasta. A ganina tseren farko bai ma kamata ya doshi cikin dajin ba. A zana da'ira ta kilomita 40 ko 50 a tsakanin ƙauyukan da ke da jama'a, a zauna da hakimi da dagatai da ardo, a sa maharba da 'yan sintiri a mararraba, tunda su suka san kowace kwana. A kafa rumfar ruwa da dabino da ayaba duk bayan kilomita 10 zuwa 15, da ma'aikacin lafiya, da babur mai bin na ƙarshe don kada a bar kowa a baya. Hular kwano dole ce, ko da mutum zai ce ta hana shi sa hular da ya saba.

Lokaci ma sai an duba. Bazara ba ta taso ba, don zafin Afrilu kan kai digiri 40. Da damina rafuka sun cika, laka ta kama taya. Da kaka ƙasa ta yi daɗin taka, amma amfanin gona na kwance a bakin hanya, kuma manomin da aka tattake wa shinkafa ba zai sake barin keke ya bi ta gonarsa ba. Abin da ya rage shi ne farkon hunturu, bayan an kwashe amfani, kafin ƙura ta yi kauri, a kuma kauce wa watan azumi. A tashi bayan sallar asuba, a gama kafin azahar.

In ni ne mai shiryawa, zan ware rukuni guda na masu Rali da Phoenix, marasa giya, ba tare da kuɗin rajista ba, in sa kyautarsu ta zama sabuwar taya da sarƙa da buhun taki. Dattijon nan na gindin ɗorawa, bayan na sha furarsa, tare muka tashi, ni da giyata ashirin da ɗaya, shi da buhunsa. A hawan farko na wuce shi. A na uku ya sauka ya tura, ya wuce ni ina tsaye ina haki, ya ɗaga mini hannu ya ce in na iso Tudun Wada in tambayi layin 'yan hatsi.