Rajistar Ingancin Magani: Yadda Suwidin Ke Bin Diddigin Aikin Asibitocinta

Rajistar ingancin magani kundi ne na ƙasa baki ɗaya da ake tara bayanan majinyata masu cuta iri ɗaya, ko waɗanda aka yi wa aiki iri ɗaya, domin a gano maganin da ya ci da wanda bai ci ba, kuma a hannun wane asibiti. Fayil ɗin da likita ke buɗe wa mara lafiya labarin mutum ɗaya yake ɗauke da shi. Ita kuwa rajista tambayoyi ƙalilan take yi, amma iri ɗaya take yi wa kowa, daga babban asibitin koyarwa har ƙaramar cibiyar lafiya. Ƙasar da ta fi yin suna a wannan fage ita ce Suwidin, mai mutum miliyan 10 da ɗoriya, inda ake da irin waɗannan rajistoci kusan 100.

Likitocin ƙashi ne suka fara, kuma larura ce ta sa. Gwiwar roba ko kwatangwalon ƙarfe da aka dasa wa mutum ba ya nuna aibinsa ranar da aka sallame shi. Sai bayan shekara biyar ko goma yake fara girgiɗi, alhali mai yiwuwa mutumin ya sauya gari, wani likita daban ne zai sake buɗe shi. Wanda ya yi aikin farko yana can yana ganin ya yi nasara. A 1975 aka kafa rajistar dashen gwiwa a birnin Lund, a 1979 kuma ta dashen kwatangwalo a Gothenburg. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne lambar shaida da kowane mazaunin ƙasar yake da ita tun 1947. Da wannan lamba ake haɗa tiyatar farko da ta biyu ko da asibitocin suna nesa da juna, da ita kuma ake sanin wanda ya rasu.

Ana rubuta nau'in ƙarfen da aka dasa, da gam ɗin da aka liƙa shi da shi, da ɓangaren da aka tsaga. Daga baya aka ƙara da jin ta bakin majinyaci: yakan cike takarda kafin tiyata, da bayan shekara ɗaya, da shida, da goma, ya faɗi yawan zafin da yake ji da yadda yake iya tafiya. Da rahotanni suka riƙa fitowa, sai likitocin ƙasar suka watsar da nau'o'in da ke saurin lalacewa suka tsaya a kan 'yan kaɗan da suka tabbata, har Suwidin ta shiga sahun ƙasashen da aka fi ƙarancin sake wannan tiyata.

Maƙwabciyarta Norwe ta kafa tata a 1987, kuma ita ce ta nuna cikin 'yan shekaru cewa wani gam mai suna Boneloc yana sakin ƙarfe da wuri. An janye shi daga kasuwa a 1995. Rajistar Ostireliya ma ta riga kowa ɗaga murya a kan kwatangwalon ASR na kamfanin DePuy, wanda aka janye a duniya a 2010, bayan an dasa kimanin 93,000.

Sauran fannoni sun biyo baya: yanar ido a 1992, shanyewar ɓarin jiki a 1994, ciwon suga a 1996. Ta yanar ido ta taimaka wajen nuna cewa maganin cefuroxime da ake zubawa da allura cikin ido a ƙarshen aiki yana rage mummunar ruɓewar da kan makantar da mutum.

Inda rajista ta fi nuna ƙarfinta shi ne fannin zuciya. A 2009 aka haɗe rajistoci huɗu suka zama SWEDEHEART, sai masu bincike suka ga za a iya gwada magani a cikinta ba tare da kafa sabon tsari mai cin kuɗi ba. A lokacin likitoci da yawa sukan zuƙe gudan jinin da ya toshe jijiyar zuciya kafin su buɗe ta, abin da hankali ke nuna zai yi amfani. A binciken TASTE, idan likita ya shigar da sunan majinyaci kuma majinyacin ya amince, kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a: a zuƙe ko kada a zuƙe. Mutum 7,244 suka shiga. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna zuƙewar ba ta rage mutuwa cikin kwana 30 ba, kuma yin ta ya ragu ƙwarai a ƙasar. A 2017 wani bincike makamancinsa a kan mutum 6,629 ya nuna cewa sanya wa wanda ake zaton ya sami bugun zuciya iskar oksijin ba ya ƙara masa komai muddin iskar jininsa ba ta yi ƙasa ba. Al'adar shekara da shekaru ce ta faɗi a nan.

Tara bayanai kaɗai ba ya gyara asibiti. Abin da ke gyara shi shi ne a mayar wa ma'aikata da nasu sakamakon su gan shi kusa da na takwarorinsu. Tun 2006 ake buga kwatancen yankuna da asibitoci a fili, kuma rajistar ciwon suga tana da shafi a intanet inda kowa zai iya duba cibiyar unguwarsu ya ga kashi nawa na majinyatanta aka duba wa ƙafa da ido, kashi nawa hawan jininsu ya daidaita. Ba shugaban sashen da ke son ganin sunan asibitinsa a ƙasan jeri. Ya kuma taimaka cewa ƙungiyoyin likitoci da ma'aikatan jinya ne ke jan ragamar rajistocin, don haka ba a ɗauke su a matsayin sandar hukuma ba. Gwamnati da yankuna kuɗi suke sawa, kamar kurona (kuɗin ƙasar) biliyan 1.5 da aka ware tsakanin 2012 da 2016. Dokar bayanan majinyata ta 2008 ta wajabta a sanar da mutum kafin a shigar da shi, kuma yana da ikon ƙi ko neman a goge sunansa.

Tsarin yana da nasa cikas. Ma'aikata sun daɗe suna kokawa da rubuta abu ɗaya sau biyu, a fayil da kuma a rajista. Wasu rajistocin sun kama kusan kowane majinyaci, wasu kuwa da giɓi, kuma wanda aka tsallake sau da yawa shi ne tsoho mai cututtuka barkatai. Asibitin da ake tura wa masu tsananin ciwo zai iya fitowa a baya a jeri ba don sakaci ba, shi ya sa sai an daidaita lissafi da shekaru da nauyin ciwo kafin a kwatanta.

A Najeriya an taɓa irin wannan aiki. Rajistar cutar daji ta Ibadan ta faro tun 1960, ko da yake ƙidayar masu cutar ta fi mayar da hankali a kai. Wadda ta fi kusa da salon Suwidin ita ce kundin haihuwa da aka fara a 2019 da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya a manyan asibitoci 54, inda ake shigar da bayanan kowace mai haihuwa da jaririnta, ana kuma bincika dalilin kowace mutuwa. Iyakarsa ita ce ƙofar asibiti: matar da ta haihu a gida, ko wadda ta rasu mako biyu bayan sallama, ba lambar da za ta dawo da labarinta cikin kundin.