Farantin Starlink yana kan rufinku, amma takardarsa tana Abuja

Idan ka bi ta Giginyu, daga wajen Asibitin Ƙwararru na Muhammadu Buhari ka kutsa cikin Nassarawa GRA, ɗan ɗaga kai ka dubi rufin gidaje. Ban da tankin ruwa da farantin DStv, yanzu za ka riƙa hango wani farin faifai mai kusurwa huɗu yana kallon sama. Starlink ke nan. Kuma na san ka taɓa jin wani a majalisa yana cewa, "Ai wannan ba ruwansa da gwamnati, daga sama yake zuwa kai tsaye." To, ba haka abin yake ba.

Bari mu bi saƙon da ka tura a WhatsApp. Daga wayarka ya hau faranti, daga faranti ya tashi zuwa tauraron ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 550 sama da kanka. Amma fa babu intanet a sararin samaniya. Kwamfutocin Facebook da TikTok duk a ƙasa suke. Dole tauraron ya sauke saƙon a wata tasha mai manyan eriyoyi, wadda aka haɗa da wayoyin fayiba, daga nan ya shiga duniya. Ita ake kira tashar ƙasa. Tana zaune a kan filin wata ƙasa, tana aiki da zangon mita na wannan ƙasa, don haka sai hukuma ta sa hannu.

A Najeriya hukumar ita ce NCC, bisa dokar sadarwa ta 2003. A 2018 ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan harkar tauraron ɗan'adam, inda ta raba izinin sauko da sigina cikin ƙasar da lasisin kafa tasha. A watan Mayun 2022, lokacin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta yana shugabancin hukumar, Farfesa Isa Ali Pantami kuma yana minista, aka ba Starlink lasisin sayar da intanet na shekara 5 da na ƙofar sadarwa da ƙasashen waje na shekara 10. A Janairun 2023 ya fara aiki, Najeriya ta zama ta farko a Afirka.

Kafin ka ce sabon abu ne, tsaya ka ji. Kano ta riga Elon Musk shiga wannan harka, domin shi a 1971 aka haife shi. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka tana da tasha a nan Kano, bisa yarjejeniya da gwamnatin Najeriya, tana bin sawun kumbon shirin Mercury. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, da John Glenn ya kewaya duniya, Kano na cikin tashoshin da suka yi magana da shi. Ranar 23 ga Agustan 1963 kuma Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi waya da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2. Tashar ƙasa a ranar jirgin ruwa ne na sojan Amurka, Kingsport, da ke tsaye a gaɓar Legas. Daga baya Najeriya ta gina nata, a Lanlate ta jihar Oyo ta yanzu a 1971, sannan a Kujama kusa da Kaduna. Zamanin nan gwamnati ce mai tasha, ita ce mai layi. Kakanka in zai kira London, ta hannunta zai bi, kuma sai ya yi haƙuri.

Yanzu kamfani ke ginawa, gwamnati na riƙe da takarda. Ka ce me ya dame ka da takardar? Aljihunka. A Oktoban 2024 Starlink ya wayi gari ya ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000. NCC ta ce ba da yawunta ba, dokar 2003 ta hana mai lasisi sauya farashi sai ta amince. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye. Da hukumar ta yarje wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kuɗin Starlink ya je ya tsaya a 57,000. Yi lissafi da kanka, 38,000 ne da rabinsa. Ba arha ba ne, wallahi, amma ba don lasisin ba, da wa za ka kai wa ƙara? Ofishin Musk a Amurka?

Akwai kuma batun cunkoso. A ƙarshen 2024 Kano ta shiga jerin biranen da Starlink ya dakatar da karɓar sababbin masu rajista, tare da Legas da Abuja da Fatakwal. Kowane yanki yana da iyakar abin da taurarin da ke samansa za su ɗauka, kuma duk abin da suka ɗauka sai sun sami inda za su sauke shi. Wuraren da aka ambata a 2024 don gina tashoshin kamfanin su ne Okun Ajah a Legas, Shagamu a Ogun, da Fatakwal. Duka a Kudu, kusa da inda wayoyin ƙarƙashin teku suke fitowa. Ta fuskar kasuwanci ba su yi laifi ba. Amma ni a ganina, tunda NCC ce ke rubuta sharuɗɗa, 'yan majalisarmu na Arewa ya kamata su tambaye ta ko an taɓa kawo maganar tasha a Kano ko Kaduna a teburin.

Sai ɓangaren da ba a cika son faɗa ba. Hannun da ya ba da lasisi yana iya ba da umarni. A Satumban 2021 NCC ta sa kamfanonin waya suka kashe sabis a jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Twitter ma wata bakwai ya yi a rufe, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Starlink kamfani ne mai rajista a Najeriya, da lasisin da yake tsoron rasawa. Kada ka ɗauka in irin wannan rana ta dawo, farantinka ya fi ƙarfinta.

Maƙwabtanmu ma kowa da nasa salon. A Nijar sai da gwamnatin soja ta sa hannu a ƙarshen 2024 kafin ya fara aiki a hukumance a Maris ɗin 2025. Afirka ta Kudu, inda aka haifi Musk, ta tsaya kan sharaɗin ba 'yan ƙasa da aka danne a baya kashi 30 na hannun jari, shi kuma ya ƙi.

Kai kuma da kake shirin haɗa kuɗi da abokai ku sayi faranti ɗaya, ku riƙa sayar wa unguwa Wi-Fi da awa, ka sani lasisin Starlink nasa ne shi kaɗai, bai rufe ka ba. Sayar da intanet ga jama'a yana da nasa lasisin a NCC, kuma hukumar tana da ofishin shiyya a nan Kano. Je ka tambaya kafin ka buga tallar a status.