Ƙara da Lalacewar Ji a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Abin da ake nufi da ƙara a wannan maƙala shi ne duk sautin da ƙarfinsa ya wuce abin da kunne zai iya ɗauka, ko na inji ne ko na kiɗa. A ƙasar Funtuwa da Malumfashi kuwa, ƙara ba baƙuwa ba ce. Tun zamanin Turawa kamfanin B.C.G.A. ya kafa injunan gurzar auduga a garuruwan biyu. Daga baya injin niƙa ya shiga kusan kowace unguwa, injin casar masara ya bi manoma har gona, sannan lasifika ta mamaye gidajen biki.

A can cikin kunne, bayan dodon kunne da wasu ƙananan ƙasusuwa uku, akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa. Cikinta akwai ƙwayoyi masu gashi kimanin 16,000, waɗanda ke mayar da motsin sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana gajiyar da su, in ta daɗe ta kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. A desibel 85 mutum zai iya yin awa 8 yana aiki, amma duk ƙarin desibel 3 sai lokacin ya ragu da rabi. Ke nan a desibel 100, wanda lasifikar biki kan kai, minti 15 ya isa.

Kada a ɗora wa kiɗa laifin duka. Kalangun da aka yi wa Alhaji Mamman Shata, wanda ya zauna a Funtuwa ya kuma rasu a 1999, a fili ake kaɗa shi, iska ta kwashe amonsa. Lasifika da na'urar maƙalawa a kunne su ne suka kusantar da amo ga kunne fiye da kima. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta matasa biliyan 1.1 na cikin wannan haɗari.

Inda abin ya shafi ɗaliban harshe shi ne yadda ji yake zubewa. Siraran sautuka ne ke fara ɓata, watau baƙaƙe irin su s da sh da ts da f, alhali wasula da karin sauti suna nan daram. Saboda haka mai injin niƙa zai ji an yi magana, har ya ji hawa da saukar murya, amma ya kasa bambance "sara" da "shara" da "tsara". Shi ne za ka ji yana cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Mutane kuma su ce ya cika taurin kai, don kuwa ba wanda ya ɗauke shi kurma.

Alamar farko ita ce kunne ya dinga kuka kamar gyare bayan an tashi aiki ko biki. Wanda ya ji haka ya nisanci lasifika, ya riƙa kashe inji yana hutawa, ya kuma nemi matoshin kunne na roba. Audugar da aka saba cusawa, ko da yake ita ce a hannu a wannan ƙasa, kaɗan take tarewa.